Dalilin da ya sa ake tare domen ɗinka a bakin ƙofa in ka je rajistar Cloud Identity ko Entra ID

Watan jiya wata Hajiya mai makarantar firamare da sakandare a wajen Kubwa ta kira ni ranta a ɓace, ta ce Malam don Allah zo ka duba mini, yaron da ke mana aikin kwamfuta kwana uku kenan yana fama, duk sanda ya sa sunan shafin makarantarmu wurin rajistar akawun ɗin ma'aikata sai a ce wai ana amfani da shi, wa ke amfani da shi bayan mu muke biyan kuɗinsa duk shekara? Na ce Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba sace miki aka yi ba tukunna, bari in zo. Wannan kukan na sha jinsa a Abuja, daga masu makarantu, da masu ƙananan asibitoci, da ƙungiyoyin agaji da ke Garki da Wuse, kuma kusan kowa amsa ɗaya yake ba kansa: ai don mu 'yan Najeriya ne shi ya sa suka toshe mu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, zan zo wurin, amma wallahi a yawancin waɗanda na taɓa da hannuna ba nan matsalar take ba.

Bari mu fara da shi domen ɗin. Shi ne sunan da ke bayan alamar @ a imel ɗinka, kuma shi ne ake bugawa a shiga shafinka, kamar a ce makarantarmu.sch.ng ko shagonmu.com. Su kuma waɗannan ayyuka irin Cloud Identity na Google, ko Entra ID na Microsoft wanda kafin 2023 ake kira Azure AD, aikinsu shi ne su zama mai gadin ƙofa na ma'aikatarka. Su ne ke riƙe da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, su ce wane ya shiga wane kada ya shiga, in an sallami mutum ka rufe akawun ɗinsa daga wuri ɗaya ko'ina ya rufe. Google Workspace da Microsoft 365 da muka fi sani duk a kan wannan tubalin suke zaune. Na Google har akwai na kyauta da ke ba ka gurbin mutum 50 tun farko, shi ya sa ƙananan ofisoshi ke rububinsa.

To abin da mutane ba su cika lura ba shi ne, a wurin waɗannan kamfanoni domen ɗinka shi ne kai. Ba su san fuskarka ba, ba su ga takardar CAC ɗinka ba, ba su san kana da gini hawa biyu a Gwarinpa ba. Duk wanda ya nuna musu cewa shi ke juya domen ɗin, shi ne mai gida, shi za su miƙa wa makullin kowane akawun da ke ɗauke da wannan suna. Saboda haka dokarsu ta farko mai tsauri ce: domen ɗaya, gida ɗaya. Ba zai yiwu sunan nan ya zauna a akawun biyu na ma'aikata a Google lokaci guda ba, haka ma a Microsoft. Duk wanda ya taɓa sayen fili a Abuja ya san wannan ciwon, ka biya kuɗi, ka riƙe takarda, ka je AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, a duba maka sai a ce ai fulotin nan da sunan wani yake tun tuni. Ba za su ba ka takarda ta biyu ba sai an warware ta farko.

Abin da ya sami Hajiya kenan. Da muka bi diddigi sai ga shi shekaru da dama da suka wuce wani saurayi da ya gina musu shafin ya buɗe musu akawun na gwaji da domen ɗin, da imel ɗin kansa da lambar wayarsa, ya yi admin, aka biya shi ya kama gabansa, yanzu ba wanda ya san inda yake. Makaranta ta manta, amma rumbun kamfanin bai manta ba. Irin wannan ya yi yawa sosai a ƙasar nan saboda akwai lokacin da Google ke ba da Google Apps kyauta, sai a Disambar 2012 suka rufe ƙofar sabbin masu shiga na kyautan, kuma kafin nan masu gina shafuka da yawa sun buɗe wa kwastomominsu ba tare da sun ma gaya musu ba. Sunan ya canza zuwa G Suite a 2016, ya sake komawa Workspace a 2020, amma tsofaffin akawun ɗin da yawa suna nan kwance da domen ɗin mutane a ƙarƙashinsu.

A ɓangaren Microsoft kuma akwai wani salo da ya fi wannan ɗaure kai, don ba sai wani ya yi niyyar buɗe maka komai ba. Ma'aikacinka guda ɗaya, a ce akanta, ya ji labarin Power BI, manhajar Microsoft ta nazarin alƙaluma, ya je ya yi rajistar gwaji da imel ɗin ofis, to tsarin kan iya ƙirƙiro gida da sunan domen ɗinku a bayan fage, gidan da ba shi da admin, ba shi da mai shi. Ranar da ka zo da niyyar buɗe na gaske sai ka tarar wai an riga ka. Maganinsa akwai, Microsoft sun tanadi hanyar da mai domen zai karɓe ragamar irin wannan gida in ya tabbatar shi ke juya domen ɗin. Amma in gidan yana da admin na gaske, misali tsohon kamfanin da ke kula muku da kwamfutoci ya saka domen ɗinku a cikin nasa gidan, to dole sai shi ya cire, kuma ba zai ciru ba sai an kwashe duk wani ma'aikaci da rukuni da manhaja da ke ɗauke da sunan. Ko bayan an goge ma ba nan take ake sakinsa ba, a Google kan ɗauki kamar kwana ɗaya, wani lokaci har mako in ta hannun dillali aka saya. Mutanenmu kuma ba haƙuri, a goge da safe a gwada da azahar a ga bai yi ba, sai a ce an toshe mu.

Wani zai ce to me ya sa ba za su duba su ga ni nake biyan kuɗin domen ba su ba ni kawai? Saboda in suka sassauta nan, ɓarayi sun samu. A Janairun 2025 wani mai binciken tsaro a Amurka, Dylan Ayrey na kamfanin Truffle Security, ya nuna wa duniya abin da ya tayar da hankali: ya sayi domen ɗin wani kamfani da ya riga ya mutu, ya sake ƙirƙirar imel ɗin tsofaffin ma'aikatansa, sai ga shi yana shiga akawun ɗinsu na Slack da Zoom da makamantansu ta maɓallin nan na shiga da Google, har da manhajar da ke ajiye bayanan ma'aikata. Ka auna wannan a kan makaranta, sakamakon yara, lambobin iyaye, hotuna, bayanan albashi. Ni dai duk sanda ƙofar nan ta yi mini tauri nakan tuna cewa taurin nan ne zai kare Hajiya gobe in wani ya zo da ƙaryar cewa shi ne ita.

Yanzu sai batun tabbatarwa, wanda shi ma rabin waɗanda ke cewa an toshe su a nan suke maƙalewa. Kamfanin zai ba ka wasu haruffa da lambobi ya ce je ka liƙa su a DNS ɗin domen ɗinka a matsayin TXT, wato ɗan layin rubutu na shaida, na Microsoft yana farawa da MS= sai haruffa da lambobi, na Google kuma dogo ne. DNS ɗin nan kamar kundin unguwa ne da ke gaya wa duniya ina shafinka yake, ina wasiƙunka za su sauka, kuma mai domen ne kaɗai ya kamata ya iya rubutu a ciki, shi ya sa ya zama shaida. Inda ake yin kuskure shi ne mutum ya sayi domen a wuri ɗaya, amma wanda ya gina shafin ya karkatar da kundin zuwa wani wuri, wataƙila Cloudflare ko wurin da aka ajiye shafin, sai kai kuma ka je inda ka saya kana ta liƙa TXT, kana ta jira, alhali duniya ba can take karantawa ba. Ka yi sati kana liƙawa ba abin da zai faru. Wani kuma kwafin ne bai cika ba, ko ya bar sarari a gaba, ko a gurbin suna ya sake rubuta domen ɗin gaba ɗaya ya fito sau biyu. In an yi daidai sau da yawa mintuna ne, amma su da kansu suna cewa zai iya kai awa 72.

Akwai ma wanda domen ɗinsa a dakace yake bai sani ba. A irin su .com, dokar ICANN, ƙungiyar da ke tsara sunayen domen a duniya, ta ce in ka yi rajista ko ka canza imel ɗin mai shi, za a turo maka saƙon tabbatarwa, in kwana 15 suka wuce ba ka danna ba za a iya dakatar da domen ɗin. To imel ɗin wa aka sa? Na yaron shagon da ya saya maka. Saƙo ya tafi can, ba wanda ya danna, domen ya daina amsawa, kai kuma kana nan kana zargin Turawa.

Sai mu zo kan toshewa ta gaske, wadda ake cewa wannan domen ba ma karɓarsa, ko a bar ka ka buɗe, bayan awa biyu a dakatar da akawun ɗin. Wannan yawanci tarihi ne. Domen ba a sayar da shi har abada, haya ce ta shekara shekara, in mai shi bai sabunta ba, a .com akwai ɗan lokacin alfarma, sai kwana 30 na fansa da ƙarin kuɗi, sai kwana 5 na jiran gogewa, daga nan ya koma kasuwa kowa ya saya. Kai ka gan shi sabo fil, suna mai daɗi, ka biya. Ba ka san shekara biyu baya wasu sun yi ta tura saƙonnin damfara da shi ba, ko sun ɗora shafin banki na bogi a kai. Akwai ƙungiyoyi irin Spamhaus, wadda take wannan aiki tun 1998, da ke ajiye jerin sunayen da aka kama da ɓarna, Google ma na da nasa tsarin na Safe Browsing wanda shi ne ke fito maka da jan shafin gargaɗi a Chrome. Sunan da ya taɓa shiga irin waɗannan kundaye ba ya wankuwa don kawai ya canza hannu. Kamar ka sayi layin waya ne da wani ya ci bashi da shi, masu bin bashi kai za su yi ta kira.

Wannan cinikin biri a sama ana iya kauce masa cikin minti goma, kuma abin na ba ni takaici yadda ba a yi. Kafin ka biya ka sa sunan a shafin duba na Spamhaus, ka sa shi a VirusTotal da ke duba ko an taɓa kama shi da ɓarna, ka je Wayback Machine da ke ajiye tsofaffin shafuka ka ga me aka taɓa ɗorawa a kai shekarun baya. In ka ga shafin caca ko na magungunan bogi ko wani banki da ba ka taɓa ji ba, ka nemi wani suna. In kuma ka riga ka saya, akwai hanyar neman a cire ka daga jerin, amma sai ka nuna an share ɓarnar, kuma yana ɗaukar lokaci.

Wani lokaci ma ba domen ɗinka ne ya yi laifi ba, danginsa ne. Waɗanda suka daɗe a harkar nan za su tuna zamanin Freenom, lokacin da ake samun .tk da .ml da .ga da .cf da .gq kyauta, yaranmu masu koyon gina shafi duk da su suka fara. Asalinsu na ƙasashe ne, Tokelau da Mali da Gabon da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, amma da yake kyauta ne sai 'yan damfara suka mamaye su, a yi rajistar ɗari yau a yi ɓarna a watsar gobe. Har Meta, masu Facebook, suka kai Freenom kotu a Amurka, a 2023 aka daina rajistar sabbi, a 2024 kamfanin ya sanar da barin sana'ar. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Har yanzu duk wata wutsiyar domen da ake sayarwa da arha sosai a shekarar farko irin wannan kallon ake mata, don wanda zai yi ɓarna ya gudu arha yake nema. Haka domen da aka yi rajistarsa jiya jiya, shi ma ana ɗari-ɗari da shi, musamman in daga buɗewa aka ƙirƙiri akawun talatin aka fara watsa saƙo ga mutum dubu. Kai tallan makarantarka kake yi, amma a idon na'ura kamanninku ɗaya da ɗan damfara.

Shi kansa sunan yana iya jawo maka. Ba za ka yi rajista da gmail.com ko yahoo.com a matsayin domen ɗin ma'aikatarka ba, don ba naka ba ne, haya kake a ɗaki ɗaya cikin gidan mutane. Google ba ya karɓar domen da ke da kalmar google a ciki. Sunan da ya yi kama da na banki ko na hukuma, an ƙara harafi ɗaya ko an sa sifili a gurbin o, shi ma abin zargi ne ko da kai da zuciya ɗaya ka zaɓa. A nan gida ma ai akwai irin wannan shinge, NiRA ce ke kula da .ng, kuma ba kowa ne zai tashi ya sayi .gov.ng ba sai hukumar gwamnati da ta bi ta NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, haka .edu.ng sai manyan makarantu masu takardar amincewa.

To batun ƙasa fa? Akwai ƙasashen da dokar takunkumin Amurka ta hana kamfanoninta yi wa hidima, irin su Iran da Koriya ta Arewa da Kuba. Najeriya ba ta cikinsu, wannan a sani. Abin da ke cin mu daban ne. Na farko layukan wayarmu suna haɗa mutane da yawa a kan adireshin IP guda, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, in wani a cikinsu ya yi aika-aika sai ƙurar ta bi kowa, wake ɗaya ke ɓata gari. Na biyu, da mutum ya ga an ƙi shi sai ya kunna VPN, yanzu ga shi wai yana Jamus, lambar wayarsa ta Najeriya, adireshin da ya rubuta Wuse 2, katin biyan kuɗinsa kuma na dala ne na wata manhaja da ke nuna Amurka. Kai ma in kai ne mai gadi aka zo maka da labari huɗu daban daban ba za ka buɗe ba. Maganar katin ma ba laifin mutane ba ne gaba ɗaya, tun 2022 bankuna da yawa suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe kwata-kwata, sai a 2025 wasu suka fara dawo da shi, shi ne mutane suka koma aron kati da katunan manhaja. Kati ɗaya ya buɗe wa ofis goma akawun, lambar waya ɗaya ta karɓi lambar tabbatarwa sau ashirin, irin na masu shago a Banex, kasuwar waya da kwamfuta ta Abuja, da ke yi wa kowa da layinsu don taimako. In ɗaya cikin goman nan ya yi ɓarna, sauran tara sun shiga uku.

Ba zan wanke kamfanonin tas ba. Abin da ya fi ƙona rai shi ne ba sa faɗin dalili, saƙo ɗaya gajere za ka gani, kuma in ba ka riga ka zama mai biya ba samun ɗan Adam da zai saurare ka aiki ne. Na fahimci hujjarsu, in suka ce ga ainihin abin da ya kama ka to sun koya wa ɓarawo inda zai gyara. Amma mai makarantar da ke da yara ɗari huɗu da malamai talatin ba ta cancanci a bar ta kwana uku tana hasashe ba, ya kamata a ce akwai hanya mai sauƙi da mutum zai miƙa takardunsa a duba. Sai dai idan ɓera da sata daddawa ma da wari, mu ma yadda muke riƙon domen ɗinmu akwai sakaci. Ofis nawa ne a garin nan da shugabansa zai iya gaya maka yau a wane kamfani aka sayi domen ɗinsu, da imel ɗin wa, kuma yaushe zai ƙare? Ana kulle takardar fili a cikin sef, shi kuwa wannan an bar shi a wayar wani yaro da ya gama bautar ƙasa ya koma garinsu.

Wani abu da ake yawan tambayata, shin in domen yana Google ba zai shiga Microsoft ba? Zai shiga, kowanne da nasa TXT, ba ruwan wani da wani, dokar gida ɗaya a cikin kamfani ɗaya take aiki. Wasiƙu ne kawai sai ka zaɓi inda za su sauka, wannan kuma aikin MX ne, layin da ke cikin DNS mai nuna inda wasiƙu za su je.

Ita Hajiya sa'ar da ta yi ita ce rasit ɗin sabunta domen yana zuwa ta imel ɗin makaranta, saboda haka muka iya shiga wurin da aka saya, muka gano kundin DNS ɗin yana wani wuri daban, muka dawo da shi hannunmu. Daga nan muka cike fom ɗin da kamfanin ya tanada na wanda aka riga shi domen, suka ba mu wata shaida muka liƙa, suka tuntuɓi tsohon admin ɗin bai amsa ba, bayan 'yan kwanaki aka ba mu ragama. Mun tarar da akawun uku a ciki da ba wanda ya taɓa buɗewa. Kafin in tafi na sa aka yi admin biyu, ɗaya nata ɗaya na shugaban malamai, kowa da lambar wayarsa da tabbatarwa mai mataki biyu, aka kunna sabuntawa ta kai tsaye, aka rubuta sunan wurin da aka sayi domen da ranar ƙarewarsa a takarda ta saka a fayil ɗin da take ajiye takardun ginin makarantar. Ta ce Malam shi yaron da ya buɗe na farkon in ya dawo fa zai iya shiga? Na ce a'a Hajiya, mun cire sunansa da lambarsa tun ranar da aka ba mu.